Wayar Taka Ce, Mabuɗin Yana Hannun Wa? Tambayoyi da Amsoshi kan Koyon Aiki da Waya da Kwamfuta

Ina da wani ɗan ɗaki a cikin birnin Kano da nake koyar da kwamfuta. Kwamfutocin tara ne, biyu daga ciki sai an lallaɓa su kafin su tashi. Da hantsi 'yan sakandare masu shirin jarrabawa ne ke cika ɗakin, bayan La'asar kuma sai manya: 'yan kasuwa, malaman firamare, matan aure, da wani dattijo ɗan fansho da ba ya fashi ko ana ruwa. Tambayoyin nan daga bakinsu na ji su, wasu har na daina ƙirga sau nawa aka yi min.

Malam, yanzu ai kowa ya iya danna waya. Mene ne kuma abin koyo?

Danna waya daban, iya aiki da ita daban. Na ga yaron da yake haɗa bidiyo a TikTok har da sauti da rubutu mai yawo, amma da aka ce ya tura takardar sakamakonsa ta imel sai ya tsaya yana kallona. Bai san adireshin imel ɗinsa ba, don wanda ya sayar masa da wayar a kasuwar waya ta Farm Centre shi ya buɗe masa, shi kuma ya san lambar sirrin.

Abin da nake nufi da iyawa bai wuce wannan ba: ka cike fom da kanka, ka tura kuɗi da kanka, ka nemi bayani ka gane na gaskiya da na bogi, ka rubuta takarda ka adana ta inda za ka same ta gobe, sannan lambobin sirrinka su zauna a kanka kai kaɗai. Wanda ya iya waɗannan ya iya, ko da wayarsa ta dubu goma sha biyar ce.

Ni na haura hamsin. Me zan yi da wannan a yanzu?

Baba, iyayenmu sun ba mu labarin masu rubuta wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya. Mutum zai zo ya zauna a gaban wani baƙo ya zayyana masa sirrin gidansa, bashin da ake bin sa, saƙon da yake son matarsa ta ji, a rubuta masa ya biya. Idan amsa ta dawo, sai ya sake neman mai karanta masa. Wannan kunyar ce ta tura manya da yawa ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, lokacin su Malam Ahmadu Coomassie, ita ce kuma ta cika azuzuwan dare bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Kano a 1980.

Mai rubuta wasiƙa bai mutu ba, rumfa ya canza. Yanzu shi ne yaron da ke riƙe da na'urar POS, shi ne mai kafe, wato shagon da ake biya a yi aiki da kwamfuta da intanet, shi ne jikan da ake miƙa wa waya a ce "duba min ko albashi ya shigo." Bambancin kawai shi ne, na da sirri yake ji, na yanzu kuɗin ne gaba ɗaya a hannunsa.

Kuma ba mu muka zaɓa ba. Tun 2014 Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN, lambar tantance mai asusun banki. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda bai yi ba daga baya aka toshe masa layi. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin takardun naira, kowa ya ji a jikinsa. Mai nama, mai kayan miya, mai adaidaita sahu, duk wanda bai karɓi tiransifa ba ya wuni bai yi ciniki ba.

A wannan lokacin wata Hajiya ta fara zuwa ajina. Ranar farko na ce kowa ya fito da katin cirar kuɗinsa mu duba yadda yake. Ta kwance bakin zaninta ta ciro nata, naɗe a cikin 'yar takarda. A jikin takardar an rubuta lamba huɗu da manyan baƙaƙe. Na ce, "Hajiya, wannan fa?" Ta ce, "Lambar ce, ɗan nan. Idan na je sai in miƙa wa yaron duka, ya danna da kansa." Shekara biyu tana haka. Allah ya haɗa ta da yaro mai amana, shi ke nan abin da ya tsare ta. Mako biyu muka yi tana danna lamba huɗun nan a jikin kalkuleta har hannunta ya daina rawa, sannan ta je ta canza lambar, ta yaga takardar a gabanmu.

Ban yi boko ba, Turanci kuma ba na ji. Zan iya?

Za ka iya da yawa, amma ba zan yaudare ka in ce duka ba. Wanda ya san lambobi daga sifili zuwa tara zai iya tura kuɗi ta lambar banki mai farawa da tauraro, ko a ƙaramar waya, ba sai da data ba. Kalmomin Turancin da ke fitowa a wannan aikin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kullum su ne dai. Mahaddatan Alƙur'ani sun fi kowa saurin riƙe su, na jarraba na gani. Saƙon murya ya ɗauke wa mutane da yawa nauyin rubutu. Facebook da Google suna da Hausa, akwai Wikipedia ta Hausa, kuma a wayar Android ana iya sa madannan Hausa a Gboard, masu ƙ da ɗ da ɓ, don kada ka rubuta wa mutum "kasa" alhali "ƙasa" kake nufi.

Inda gizo ke saƙa shi ne karanta sunan wanda za ka tura wa kuɗi kafin ka danna amincewa, da karanta saƙon banki. Don haka ni a ajina ba na raba koyon waya da koyon baƙaƙen boko. Wanda ya iya ajami, cikin 'yan makonni yake kama su.

Ɗana zai rubuta JAMB bana, bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Me za mu yi?

Ku tashi tsaye tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, komai a kwamfuta ake yi. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Idan ka raba, daƙiƙa arba'in ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ya ɓata minti goma yana kokawa da linzamin kwamfuta, kibiya tana guje masa, ya yi asarar lokacin tambaya goma sha biyar tun bai fara tunani ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin yaran da wannan ke kayarwa ba daƙiƙai ba ne. Na koyar da wata yarinya daga wata makarantar gwamnati ta wajen gari wadda lissafinta ya fi nawa. Ranar da ta fara zama, da hannu biyu ta kama linzamin, ta ɗaga shi sama tana nuna fuskar kwamfutar da shi kamar rimot ɗin talabijin. Sauran yara suka kwashe da dariya, ta sunkuyar da kai. A makarantarsu suna yin darasin kwamfuta, a allo. Ta zana kwamfuta a littafi, ta sa wa kowane sashe suna, ta ci jarrabawa a kai, amma ba ta taɓa taɓa ta ba.

Abin da na koya mata shi zan gaya muku. Ana iya yin jarrabawar ba tare da linzamin ba: A, B, C, D na zaɓar amsa, N na kai ka tambaya ta gaba, P na mayar da kai baya, S kuma na miƙa aiki, don haka kada yatsa ya je kusa da shi sai an gama. Yaro ya zauna gaban kwamfuta ta gaske ko sau biyar ne kafin ranar, ya amsa tsofaffin tambayoyi da agogo yana tafiya. Idan da hali, ya yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, don ya ji yadda ɗakin yake, da dangwala yatsa a bakin ƙofa, da sanyin ɗaki ko zafinsa.

Abin kuma ba a JAMB ya tsaya ba. WAEC ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu zama na ƙashin kansu a 2024, kuma a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce gwamnati na son WAEC da NECO su koma kwamfuta. Neman gurbin karatu, biyan kuɗin makaranta, rajistar kwasa-kwasai, neman rancen karatu na NELFUND da aka buɗe shafinsa a 2024, rajistar bautar ƙasa, duk ta intanet ne.

To ba ga masu kafe nan ba? Me zai hana in biya su cike mana komai?

Ku biya su kuɗin kwamfuta da buga takarda, wannan sana'arsu ce. Amma kada yaro ya miƙa takardu ya tafi shan shayi. Ya zauna kusa, ya karanta kowane layi kafin a tura.

Ga dalili. Rajistar JAMB tana farawa ne da tura lambar NIN zuwa 55019 ko 66019, kuma layin da aka tura da shi ya zama na wannan ɗalibin. Na ga wanda aka yi masa da layin mai kafe, aka buɗe masa imel da lambar sirrin da bai sani ba. Da lokacin duba gurbin karatu ya zo, shagon ya koma na sayar da lemo, mai shi ya bar gari. Na ga wadda aka juya mata ranar haihuwa, aka sa wata a gurbin rana. Gyaran irin wannan kuskuren kuɗi ne da zirga-zirga, wani lokacin har shekara guda ta karatu. Ɗalibi ya mallaki layinsa, ya buɗe imel ɗinsa da hannunsa, sunansa ya zama iri ɗaya a NIN da WAEC da JAMB. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a wata takardar, wannan kaɗai ya ishe shi wahala.

Yaya zan gane ɗan damfara?

Da farko ka cire wa ranka cewa za ka gane shi ta murya. Na yanzu da Hausa mai daɗi yake magana, zai yi maka sallama cikakkiya, ya kira sunanka da na mahaifinka, wani har ranar haihuwarka zai karanto maka. Sai ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka yau idan ba a gyara BVN ɗinka ba, ka karanto masa lambar da ke jikin katinka da wadda za ta shigo wayarka yanzu.

Abu uku ne ba sa canzawa. Yana gaggawa, ba ya son ka yi shawara da kowa. Yana tsorata ka ko yana kwaɗaita maka. Kuma a ƙarshe lamba yake so. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Ka kashe wayar, ka taka da ƙafarka zuwa banki. Idan lambar BVN ɗinka kake son gani, danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi. Ta NIN kuma *346#.

Sai masu tallafi. Saƙo zai zagaya a WhatsApp da hoton tambarin gwamnati, wai ana raba dubu hamsin, ka danna nan ka cike, ka tura wa rukuni biyar. Shafin hukumar gwamnatin Najeriya galibi da .gov.ng yake ƙarewa. Wanda kuma ya ce sai ka tura wa mutane kafin a ba ka, kai yake nema ya yi farauta da kai.

Sai masu ninka kuɗi. MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, aka yi kuka aka share hawaye. A Afrilun 2025 CBEX ta sake yin irin ta, kuma cikin waɗanda abin ya shafa akwai masu digiri. Wannan ba rashin iya kwamfuta ba ne kaɗai, ganin kitse ake yi wa rogo.

'Yan kasuwa kuma ku kula da alat na bogi. Saƙon da ya shigo ko hoton rasit da mai saye ya nuna maka ba shi ne kuɗi ba. Buɗe asusunka ka ga sun zauna, sannan ka ɗaure kaya.

An ƙwace wa ƙanwata WhatsApp, ana ta roƙon kuɗi da sunanta. Ta yaya aka yi?

Kusan kullum hanya ɗaya ce. An kira ta an ce za a yi taron rukunin makarantarsu ko na Islamiyya ta intanet, an turo mata lamba shida ta shiga, ta karanto. Wannan lambar ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinta. Abin yi yanzu shi ne ta sake saka manhajar da layinta, ta nemi sabuwar lamba. Wani lokacin sai ta jira kwana bakwai idan ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar tsaron. Kafin nan a sanar da 'yan uwa ta kira kada kowa ya tura komai. Ku da ba a taɓa ba tukuna, ku shiga saitin WhatsApp ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Bai kai minti biyu ba.

Labarai sun yi yawa. Wanne za mu yarda da shi?

Masu shekaru za su tuna daren nan na watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da waya ta yi ta ƙara kafin asuba: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Mutane sun sha, an kwantar da wasu a asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Duk wanda ya tura saƙon nan da kyakkyawar niyya ya tura.

Mu da muka taso da sanin isnadi bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Yaushe? Saƙon murya da ba a san mai shi ba, wanda ya fara da "jama'a ku yaɗa saboda Allah," ba shi da isnadi. Idan abin babba ne, ka duba ko BBC Hausa ko Aminiya ko gidan rediyon garinku sun kawo shi. Hoto kuma yana iya zama na gaske amma na wata ƙasa, ko na shekara goma da ta wuce. Yanzu ma har muryar malami ko ta ɗan siyasa ana iya ƙirƙira a sa masa maganar da bai yi ba. Idan labari ya sa jininka ya tafasa nan take, musamman na ƙabila ko addini, wannan ne ya fi cancanta ka ajiye shi ya kwana.

Ba za ta lalata tarbiyyar yara ba? Musamman 'ya mace?

Tsoron iyaye yana da tushe, ba zan raina shi ba. Akwai ƙazanta a intanet, akwai caca da ke cinye kuɗin samari, akwai masu yaudarar yarinya ta tura hoto sannan su dawo suna yi mata barazana da shi. Amma na lura yarinyar da aka hana, ta koya a ɓoye a wayar ƙawa, ita ta fi faɗawa hannunsu, don idan abu ya faru ba ta da wanda za ta gaya wa. Kuma ita ma JAMB ɗin nan za ta zauna, a kwamfuta ɗaya da ɗan'uwanta.

Ni shawarata ga uwa ita ce ta koya ita ma. Uwar da ta san yadda ake duba abin da aka buɗe a waya, ta san mene ne toshe lamba, ta fi mai ƙwace waya ta kulle a akwati tasiri. Matan aure nawa ne yanzu ke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin daga cikin ɗakinsu, su sa hoto a WhatsApp, a turo kuɗi, ɗan sahu ya kai kaya?

Ɗalibi ya yi amfani da ChatGPT wajen aikin makaranta, laifi ne?

ChatGPT manhaja ce da ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa. Laifin kuwa ya danganta da abin da ɗalibin ya sa ta yi. Idan ya ce ta sake yi masa bayanin abin da bai gane ba a aji, ta ba shi misali, ta yi masa tambayoyi ya amsa, ya samu malamin da ba ya gajiya. Idan ya kwafe amsarta ya miƙa, ya yi wa kansa sata, ranar jarrabawa kuma ba ta shiga ɗakin. Sannan tana yin ƙarya ba tare da ta ƙifta ido ba. Na tambaye ta tarihin unguwarmu, ta ƙago min wani sarki da ba a taɓa yi ba, har da shekarun mulkinsa.

Ba mu da kwamfuta, data ta yi tsada, wuta kuma sai an ga dama.

Gaskiya ne, kuma tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025 abin ya ƙara nauyi. Amma mafi yawan abin da na lissafa a waya ake koyonsa. Bidiyo ne ke shanye data, ba imel ko fom ba. A hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa, za a ga bambanci a mako ɗaya. Kwamfuta kuwa, awa ɗaya a kafe sau biyu a mako ta isa mai koyon madannai. Yara uku su haɗa kuɗi su zauna a guda, suna karɓa-karɓa.

Gwamnati fa, ba ta da wani shiri?

Akwai. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ƙarƙashin Kashifu Inuwa Abdullahi, ta ce burinta kashi 70 cikin ɗari na 'yan Najeriya su samu wannan ilimin zuwa 2027. Akwai shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku, ana nema ta intanet. Wanda ya samu ya shiga. Sai dai shi ma fom ɗin shigar sai wanda ya iya cike fom, kuma ban ga dalilin da zai sa dattijo ya zauna jiran shiri ba alhali akwai ɗan sakandare a gidansa da zai iya zama da shi minti ashirin bayan Isha'i.

Idan ni ne zan koya wa mahaifina, ta ina zan fara?

Fara da abin da yake damun sa, ba abin da kake ganin ya kamata ya sani ba. Idan fansho ne, ku fara da duba kuɗin asusu. Idan 'yarsa ce ke aure a Maraɗi, ku fara da kiran bidiyo. Ƙara masa girman rubutun wayar, da yawa ba fahimta ce ta gaza ba, ido ne. Abu ɗaya a zama ɗaya, ya maimaita har sau biyar.

Babban sharaɗi kuma, hannunka a aljihu. Da ka ga yana lalube, ranka zai ce ka karɓa ka danna masa a wuce wurin. Kada ka karɓa. Kada ka ce "ai na gaya maka jiya." Lokacin da zai sa lambar sirri, ka juya fuskarka bango, ko da kai ɗansa ne, don ya saba cewa haka ake yi.

Dattijon nan ɗan fansho da na ambata, wata uku ya yi kafin ya tura kuɗi shi kaɗai. Naira ɗari biyar ya tura wa jikarsa da ke makarantar koyon jinya. Ya karanta sunanta a fuskar wayar da ƙarfi, harafi bayan harafi, ya dube ni ya ce, "Malam, juya." Na juya. Da saƙon ya shigo ya kira ta ya tambaye ta ko ta gani, ta ce ta gani, amma Kaka me za a saya da ɗari biyar? Ya ce ta bari, gwaji yake yi.